Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiyoyi: An Rarraba Almasihu Ne?

Ya iyayena a cikin Ubangiji, bishop-bishop, fastoci, limaman coci, masu bishara da dattawan ikilisiya na kowace ɗariƙa,

Ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Alheri da salama su tabbata a gare ku. Ni ban taɓa hawa mumbari ba, ban kuma shiga makarantar tauhidi ba. Ɗaya ne daga cikin masu zama a benci suna sauraronku kowace Lahadi. Na san abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai akwai abin da na kan benci yake gani wanda ba ya isa idon na kan mumbari, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto muku. Idan harshena ya yi kaushi a wani wuri, ku gafarce ni, zafin ciwo ne.

Kwanakin baya ɗana mai shekara bakwai ya dawo daga makarantar Lahadi jikinsa a sanyaye. Da dare ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, Yesun su Kaka daban ne da namu?" Kakarsa, wato surukata, wata ɗariƙa take bi. Ashe an gaya wa yaran cewa mutanen wancan cocin ba su sami ceto ba, a riƙa yi musu addu'a su tuba. Wannan tsohuwar ita ce ta koya masa Addu'ar Ubangiji tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Ita ce yake gani a durƙushe da asuba tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. Na ce masa Yesu ɗaya ne. Sai ya ce, "To me ya sa ba ma zuwa tare?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Ban ga laifin malamar da ta koyar da su ba, domin ba ita ta ƙirƙiro maganar ba. Daga sama ta ji ta, daga bakin waɗanda take ɗauka iyayenta ne a cikin bangaskiya.

A daren da aka bashe shi, sa'o'i kaɗan kafin gicciye, Ubangiji ya yi doguwar addu'ar nan da ke Yohanna sura 17. Wanda ya san mutuwa tana bakin ƙofa ba ya ɓata numfashinsa a kan ƙaramin abu. Ya ce ba don almajiran da ke tare da shi kaɗai yake roƙo ba, har da waɗanda za su ba da gaskiya gare shi ta wurin maganarsu. Mu ke nan. Abin da ya roƙa mana kuwa shi ne mu zama ɗaya, kamar yadda shi da Uba suke ɗaya, domin duniya ta gaskata cewa Uba ne ya aiko shi. Ku dubi inda ya rataya maganar. Gaskatawar duniya ya ɗaura ta a jikin haɗin kanmu. Muna kashe dukiya mai yawa wajen shirya tarukan bishara, muna sayen lasifiku, muna buga takardu, muna wa'azi a rediyo da talabijin da intanet, duk da kyau. Amma abin da shi da kansa ya ambata a matsayin shaida, shi muka ajiye a gefe. A sura ta 13 ma ya riga ya faɗa cewa da ƙaunar juna ne kowa zai gane mu almajiransa ne.

Cutar tsohuwa ce. Manzo Bulus yana da rai ikilisiyar Koranti ta dare gida huɗu: wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, wani kuma ya ce shi na Almasihu ne. Na daɗe ina tunani a kan ƙungiya ta huɗun nan. Sunan da suka zaɓa shi ne mafi kyau, duk da haka Bulus ya jera su tare da sauran, domin sun mai da sunan Almasihu tuta ta ware kansu daga 'yan'uwa. Har yau akwai masu cewa su ba ɗariƙa ba ce, su Kiristoci ne zalla, amma a bakinsu za ka fi jin tsinuwa ga kowa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Bulus ya fara da masu kiran sunansa. Ya tambaye su ko an rarraba Almasihu ne, ko Bulus ne aka gicciye dominsu, ko da sunan Bulus aka yi musu baftisma. Har godiya ya yi wa Allah da bai yi wa mutane da yawa baftisma a cikinsu ba, don kada wani ya fake da sunansa. Ya iyayena, shugaba nawa ne a yau zai ga jama'a suna taruwa a ƙarƙashin sunansa, hotonsa ya fi gicciye girma a bango, ya tashi ya tsawata musu?

Kada ku ɗauka ina cewa a watsar da gaskiya don a zauna lafiya. Bambancin koyarwa da ke tsakaninmu akwai shi, wani ma yana da nauyi, kuma mutanen kirki sun ba da ransu a kansa. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Amma ku tuna dalilin faɗan: Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron abin da wasu za su ce. Wato babbar rigimar da aka rubuta tsakanin manzanni biyu ta tashi ne saboda wani ya ware kansa daga 'yan'uwa. Da gardamar kaciya ta yi zafi kuwa, wato ko dole ne a yi wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba kaciya, babu wanda ya je ya buɗe nasa coci. Suka haɗu a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, aka yi muhawara mai tsawo, aka saurari juna, aka rubuta wasiƙa ɗaya. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Na ɗan karanta tarihin rabe-rabenmu, abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a waiwayo. Bayan babban taron bishop-bishop da aka yi a garin Kalsidon a shekarar 451, ikilisiyoyin Masar da Habasha da Armeniya da wani sashe na Siriya suka rabu da Roma da Kustantiniya a kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. Sai a 1973 Fafaroma Paul na 6 da shugaban Kibɗawan Masar, wato Kiristocin tsohuwar ikilisiyar ƙasar, Shenouda na 3, suka sa hannu a takarda ɗaya suna shaida cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma. Shekara dubu da ɗari biyar da 'yan kai ana kiran juna 'yan bidi'a. A 1054 wakilan Roma da shugaban ikilisiyar Kustantiniya suka yi wa juna korar kare daga zumunta, ba a janye wannan hukunci ba sai a watan Disamba 1965, bayan shekara 911.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Marburg a Jamus, a watan Oktoba 1529. Aka haɗa Martin Luther da Zwingli, manyan jagororin gyaran ikilisiya, don su daidaita. Batutuwa goma sha biyar aka sa a gabansu. Suka yarda a kan goma sha huɗu. Na ƙarshen, wato yadda Almasihu yake kasancewa a cikin Jibin Ubangiji, shi ya raba su. Suka tashi kowa ya kama gabansa. Magadansu a Turai ba su amince su ci Jibi tare a hukumance ba sai da yarjejeniyar Leuenberg ta 1973. Teburin da Ubangiji ya shimfiɗa don ya tara 'ya'yansa, shi ya zama iyaka tsakaninsu har shekara 444. Haka nan maganar kuɓuta ta wurin bangaskiya, wadda ta raba Luther da Roma tun 1517: a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutaran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu cewa sun yarda a kan tushenta, cewa da alherin Allah kaɗai ake karɓar mutum, ta wurin bangaskiya ga aikin Almasihu. Ina murna da waɗannan takardu. Amma nakan tuna da waɗanda suka mutu kafin a rubuta su.

Domin an zubar da jini. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ci miliyoyin rayuka, har wasu yankunan Jamus suka rasa rabin mutanensu. Na san akwai siyasa da kwaɗayin sarakuna a ciki, amma da sunan addini aka tara mayaƙa. A ƙasar Holan, a 1569, an tsare wani mai bi mai suna Dirk Willems saboda ya karɓi baftisma yana babba. Ya tsere, ya bi ta kan wani tafki da ƙanƙara ta rufe. Wanda ya biyo shi don ya kama shi ya taka, ƙanƙarar ta fashe, ya faɗa ruwa yana ihu. Dirk ya juyo ya ciro shi. Nan take aka sake kama shi, aka ƙone shi da rai. Waɗanda suka hura wutar masu kiran sunan Almasihu ne.

Yanzu ku bar ni in faɗi abin da ya fi wuyar faɗa, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mutanen dā, ko da sun yi kuskure, a kan koyarwa suka rabu. Yawancin rabuwar da muke gani da idonmu a yau babu ruwanta da koyarwa. Kujera ce, da baiko, da ƙabila. Ikilisiyar da na girma a cikinta ta tsage biyu a kan zaɓen shugaba. Babu aya ko ɗaya da ɓangarorin suka saɓa a kai. Littafin waƙoƙi ɗaya, tsarin sujada ɗaya. Aka kai ƙara kotu, aka garƙame ƙofar majami'a da kwaɗo, alƙalin da ba ya cikinmu ya zauna yana raba mana benci da filin gini. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa sura 6, kai juna ƙara ma kaɗai hasara ce a gare mu, ya tambaya don me ba za mu gwammace a cuce mu ba. An karanta mana wannan nassi shekara da shekaru, amma ranar da aka bukace shi babu wanda ya buɗe wurin. Shugabannin da suka ja rigimar wasu sun rasu, wasu an ɗauke su zuwa wani wuri. Mu aka bari da ita. Mahaifiyata ta rasu ba ta sake zama benci ɗaya da aminiyarta ta ƙuruciya ba, matar da suka yi shekara talatin suna waƙa tare a zumuntar mata.

Ƙabilanci kuwa idan ya sa rigar addini, ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. A 1857 majalisar cocin Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta zauna a kan ko baƙaƙe da farare za su ci gaba da sujada da cin Jibi tare. Ta amsa da bakinta cewa haɗuwar ita ce daidai da Nassi. Sai ta ƙara da cewa, saboda raunin waɗansu, an yarda a riƙa taruwa a gine-gine dabam-dabam. Rangwame ne aka yi don kada a ɓata wa wasu rai. Daga wannan rangwamen aka sami coci-coci na launin fata, kuma da aka kafa mulkin wariyar launin fata a 1948, ya tarar an riga an share masa hanya a gidan Allah. A Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari a 1994. Dubbai sun gudu cikin majami'u irin na Nyamata da Ntarama suna zaton mafaka ce, a ciki aka karkashe su. Mai kisa da wanda aka kashe, sau da yawa ruwa ɗaya aka yi musu baftisma da shi. Duk fasto da ya taɓa barin a zaɓi dattijo don yarensa, ko ya yi shiru ana kushe wata ƙabila a harabar coci, ya kamata wannan tarihi ya hana shi barci.

Abin mamaki, masu tsananta mana sun fi mu sanin cewa mu ɗaya ne. A ranar 3 ga Yuni 1886, a Namugongo ta ƙasar Yuganda, Sarki Mwanga na 2 ya sa aka ƙone yaran fadarsa saboda bangaskiyarsu. Akwai 'yan Katolika, akwai 'yan Angilika. Wuta ɗaya ta ci su, tokarsu ta gauraya, babu mai iya rarrabewa. To amma shekara shida ba ta cika ba, a watan Janairu 1892, 'yan Katolika da Furotesta na wannan masarauta suka ɗauki bindiga a kan juna a Mengo. Kyaftin Lugard ya mara wa ɓangare ɗaya baya da makamai, kuma ba a jima ba ƙasar ta koma hannun Ingila. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zamaninmu ma, a watan Fabrairu 2015, an yanka mutum 21 a bakin teku a Libiya, ashirin Kibɗawan Masar ne, ɗaya baƙin Afirka ne da aka kama tare da su. Babu wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan taron Kalsidon. A 2023 Fafaroma Francis ya sanar da shigar da sunayensu cikin jerin shahidan cocin Katolika, alhali ba 'yan cocinsa ba ne. Idan za mu iya karɓar juna a matsayin 'yan'uwa bayan an yanka mu, me ya hana tun muna numfashi?

Sai dai a nan ina so in ja kunnenmu duka. Akwai wani irin haɗin kai da tsoro ke haifarwa, wanda ba ya tashi sai an ce ga maƙiyi. Ana gama makoki, kowa ya koma kushe ɗan'uwansa. Akwai kuma wanda 'yan siyasa ke kira a kai idan suna neman ƙuri'a. Ba waɗannan Ubangiji ya roƙa mana ba. Bai ce mu zama ɗaya don duniya ta ji tsoronmu ba, cewa ya yi don ta gaskata. Haɗin kan da zai sa mu ƙi maƙwabcinmu Musulmi, ko mai wani addini, ko marar addini, wata rabuwar ce aka faɗaɗa mata shinge. Zuciyar da ta saba ƙin ɗan wani coci ba ta wahala wajen ƙin ɗan wani addini, domin hali ɗaya ne. Kuma maƙwabtan nan suna kallonmu. A Urushalima, majami'ar da ke kan wurin da aka yi imani a nan aka binne Ubangiji, ɗariƙu shida ne ke raba ta. Ɗaruruwan shekaru ke nan makullin ƙofarta yana hannun iyalai biyu Musulmi, kuma tsarin ya ɗore ne domin da wuya wata ɗariƙa ta yarda a damƙa shi ga 'yar'uwarta. A 2008 'yan sanda ne suka raba limamai da suka ba hamata iska a gefen kabarin. Duk da haka, a wannan wurin dai, manyan ɗariƙu uku sun haɗa kai sun gyara ginin kabarin, aka kammala a 2017. Ashe ana iyawa.

To me nake roƙonku? Ban ce ku rushe ɗariƙunku ku koma ƙarƙashin shugaba ɗaya gobe ba. Jiki ɗaya ne amma gaɓoɓi da yawa, ido ba ya ce wa hannu ba ya bukatarsa. Mai son sujada cikin natsuwa ya yi, mai son tafi da ɗaga murya ya yi. Abin da ke hannunku tun Lahadi mai zuwa shi ne bakinku. Ku daina gina wa'azi a kan kushe cocin da ke tsallaken hanya. Idan dole ne ku bayyana inda kuka saɓa da su, ku faɗi koyarwarsu yadda su da kansu za su ji su ce, haka ne, abin da muka gaskata ke nan. Shaidar zur a kan maƙwabci zunubi ce ko da a kan mumbari aka yi ta. Da Yohanna ya zo yana ba da labarin sun hana wani fitar da aljanu da sunan Yesu saboda ba ya cikin ƙungiyarsu, Ubangiji cewa ya yi kada su hana shi, wanda ba ya gāba da mu namu ne.

Ku daina ƙirga tumakin da kuka janyo daga garken ɗan'uwanku a matsayin sababbin tuba. Mulkin Allah bai ƙaru da ko mutum ɗaya ba idan benci ya cika a nan ya zama wofi a can. Ku tausaya wa samari da 'yan mata masu bi da suke son aure tsakanin ɗariƙu biyu. Sau da yawa ana wahalar da su har su fara gidansu da ɗacin coci a zuciya, wasu ma su daina zuwa gaba ɗaya. A makarantun da kuke horar da fastoci, ku gayyato malamai daga wasu ɗariƙu su bayyana kansu da bakinsu. Marayu da marasa lafiya da 'yan gudun hijira ba sa tambayar sunan cocin da ya kawo taimako, don haka ku yi wannan aikin tare. Akwai makon addu'a domin haɗin kan Kirista da ake yi daga 18 zuwa 25 ga Janairu, an fara shi tun 1908, amma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin an sanar da shi ba.

Mafi nauyi kuma, inda aka yi ɓatanci, wani ya fara takawa. Zumunci a ƙafa yake. A 2010, a birnin Stuttgart, wakilan Lutaran na duniya sun nemi gafarar 'yan Menonayit, wata ɗariƙa mai yi wa manya kaɗai baftisma, saboda tsanantawar da kakanninsu suka yi musu a ƙarni na 16, wasunsu a durƙushe. Girmansu bai ragu ba. Ubangiji ya ce idan kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ban ga inda ya keɓe masu riƙe da bagaden ba. Mu ma na benci muna da namu alhakin, mun yaɗa maganganun da ba mu bincika ba, mun raina ibadar da ba mu fahimta ba, kuma zan amsa nawa a gaban Allah. Amma abin da kuka ɗaure da bakinku, ku ne za ku fi saurin kwance shi.

Lahadin da ta wuce na kama hannun ɗana muka bi kakarsa zuwa cocinsu. Tsarin sujadar baƙo ne a gare shi, ya yi ta waige-waige. Da aka zo Addu'ar Ubangiji, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, sai na ji ya shiga yana faɗa tare da su har ƙarshe. Ya ja mini hannun riga, fuskarsa cike da murna, ya ce a hankali, "Baba, irin tamu ce." Can kuma lokacin Jibi ya yi. Tsohuwar ta miƙe da sandarta ta nufi gaba ita kaɗai, mu muka zauna, domin dokar cocinsu da ta namu ba su ba mu izini ba. Na ga yana bin ta da ido har ta dawo. Bai tambaye ni komai ba tukuna, amma na san tambayar tana tafe. Ina roƙonku, ya iyayena, ku ba ni abin da zan gaya masa.

Ɗanku a cikin Almasihu,
Wani mai bi daga cikin garkenku